Fangalin Bayan Ɗakin Tamba

Duk wanda ya taɓa shiga gidanmu a Tungar Maigandi, ƙauyen da ke bakin fadama kafin a kai Argungu, ya san warinsa. Baba yana kiransa ƙanshi. Warin maganin feshin shinkafa ne. Ya kama bango, ya kama tabarmi, ya kama har zanen da Inna take zuwa biki da shi. Idan na tsaya a tasha, mutane kan tambaye ni ko daga gona nake, alhali daga kan shimfiɗata na taso.

Sunana Mujtaba. Na bar makaranta tun ina aji biyu na ƙaramar sakandare, don na ga zaman benci ba zai kai ni ko'ina ba. Na yi kabu-kabu, na sayar da fetur a kwalba, na zauna shagon ɗinki har na koyi sa zare a allura sannan na gudu. Yanzu ina jan a-kori-kurar wani mutumin Argungu, ina kai shanshera, wato shinkafar da ba a casa ba, zuwa injinan Birnin Kebbi. Saboda kullum ina bisa hanya, duk mai saƙon da yake jin nauyin faɗa da bakinsa ni yake ɗora wa. A gidanmu kuwa kowa yana jin nauyin faɗin komai.

Babanmu Dikko, ana ce masa Dikko Mai Iri, kuma ba zan tauye masa wannan ba. Kowace kaka, kafin a sa lauje, yakan shiga gona shi kaɗai yana duba zangarniya ɗaya bayan ɗaya. Ya yanke waɗanda suka fi cika, waɗanda ƙwari ba su taɓa ba, waɗanda iska ba ta kwantar ba, ya ajiye su daban don shuka ta gaba. Shekara da shekaru yana haka, har shinkafarsa ta fita daban da ta kowa. Daga Augie da Gulma ana zuwa roƙon irinsa. Inda aka samu matsala shi ne, daga sanin shinkafa sai Baba ya ɗauka ya san komai. Ya san ciwo, ya san injin mota, ya san abin da ke cikin zuciyar matar ɗansa.

Da can masassara baƙuwar damina ce a wajenmu. Ta zo da ruwa, ta kwantar da yara, idan tafkuna suka bushe ta tafi, mu huta sai wata shekara. Da aka samu injin ban ruwa aka shiga noman rani, sai ruwa ya daina barin garin. Baba kuma bai tsaya a fadama ba. Fangali bayan fangali, wato ƙaramin filin shinkafa mai riƙe ruwa, yake ƙarawa yana matsowa gida, har na ƙarshe ya zo ya jingina da bangon ɗakin yayana Tamba. In ka leƙa ta tagar ɗakin, fuskarka za ka gani cikin ruwa. Baba ya ce haka ya fi, mutum ya tashi da safe ya ga arzikinsa.

Duk mako ana feshi, ko da ƙwari ko babu. Baba ba ya bin ma'aunin da ke jikin kwalba. Ya ce masu yin maganin ne suka rubuta haka don a yi saurin sayen wata, saboda haka yakan surka shi da ruwa fiye da kima don ya yi auki. Abin da ya rage a tankin goyo kuma ba a zubarwa. Tamba yakan goyo shi zuwa gida da la'asar, ya fesa ɗakin Baba, ɗakin Inna, nasa ɗakin, har bayan gida. Maƙwabta suka koya. Ragowar tanki ta zama abin kyauta kamar tuwo: a yi sallama a ce wance tana gaisuwa, ta ce a sam mata ragowa.

Shekarun farko abin ya yi aiki. Da safe Inna takan share sauro da tsintsiya kamar dusa. Kwaɗin da ke cika mana kunne suka yi tsit, ƙananan kifayen da ke biyo ruwa suka ɓace, mazarin da ke shawagi bisa fangali ma muka daina ganinsa. Baba ya ce ya tsabtace ruwa. A majalisar ƙofar masallaci yakan ce a gonarsa ko kwaɗo ba ya tari. Daga baya sauro ya dawo, ya fi na da yawa, kuma ya daina mutuwa. Baba ya ce 'yan kasuwa ne suka fara kawo jabu.

Tamba ya auri Hanifa, 'yar unguwar Nasarawa a Birnin Kebbi. Ta yi karatun gwaje-gwaje a kwalejin kimiyya da fasaha, ta nemi aiki ba ta samu ba, ta samu Tamba. 'Yarsu ta fari ita ce Munira. A wajenmu ɗan fari ba na iyayensa ba ne a gaban mutane. Ba ka faɗin sunansa, ba ka ɗaukarsa a tsakar gida, ba ka nuna ka damu da shi, balle a gaban mahaifinka. Kara ake kiran wannan, kuma Tamba ya fi kowa iya ta, don ko ba al'ada ba mai magana ba ne. Yarinyar nan yake ce mata, kamar wadda aka tsinta a kasuwa.

Munira ba ta cika shekara biyu ba, amma masassara ta san ta fiye da yadda ubanta ya san ta. Ta warke, ta koma. Suna da gidan sauro irin mai magani da aka raba, Hanifa kuma ba ta wasa da sa shi. Sai dai sauron garinmu zama yake a jikin ragar kamar mai shan inuwa, yana jiran hannun yaro ya jingina. Ba ya ma jiran a shiga ɗaki, tun magariba ana tsakar gida yake kama aiki.

Wata rana da hantsi, a tsakiyar rani, jikin yarinyar ya yi zafi har ta fara jijjiga, idanunta suka juye. Inna Kulu, mahaifiyarmu, ta ce iska ce, ta shiga neman garwashin yin hayaƙi. Baba yana zaune a tsakar gida yana gyaran bakin tankin feshi. Tamba ya zo ƙofar ɗaki ya tsaya. Da idona na gan shi: ya dubi 'yarsa, ya dubi Baba, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Hanifa ce ta fito da yarinyar a kafaɗa, ba mayafi, tana kuka tana kiran sunanta da ƙarfi. Ta wuce ta gaban Baba ba ta durƙusa ba, ta ce in ta da mota.

A asibiti a Argungu sai da aka yi wa yarinyar ƙarin jini. Tamba ya biyo mu a babur daga baya, aka ɗebi nasa. Ta rayu. Ranar da aka sallame su, Hanifa ta hau gaban mota ta ce ba Tunga za mu ba, Nasarawa za mu, gidan mahaifinta. Na kai ta.

Da na dawo na tarar ana ta maganar abin kunya. Ba cewa yarinya ta kusa mutuwa ba. Cewa matar ɗa ta kira sunan 'yar fari a gaban surukinta, kai a buɗe. Inna ta ce 'yan birni ba su da ta ido. Baba ya ce a ƙyale ta, in ta huce za ta dawo da ƙafarta.

Ba ta dawo ba. Tamba ya fara ramewa. Abinci sai ya tsakura ya ture, da yamma ya zauna bakin ƙofar ɗakin da babu kowa ciki yana kashe sauro a ƙwaurinsa. Duk tafiyar da zan yi Birnin Kebbi sai ya biyo ni bakin mota da wani abu, yau kwandon albasa, gobe busasshen kifi, ya ce in ajiye musu. In na dawo ya tambaye ni yadda na samu hanya, alhali labarin 'yarsa yake nema. Sai na gaji na ce masa hanya tana nan lafiya, ta fara tafiya da kanta, har tana cewa Inna.

Tsakanina da Hanifa akwai wasan ƙanin miji, don haka ni kaɗai nake shiga har tsakar gidansu. Wata rana na sauke kwandon a gabanta, ta dube shi ta dube ni.

"Ɗan tasha, albasa kuma? Hala wan naka ya ɗauka kuka nika son yi."

Na ce in ta gaji da shi ga ni, ko ba komai ni ina da mota. Ta ce motar ma ba tawa ba ce, kuma an gaya mata sai an tura take tashi. Sannan ta daina dariya ta ce tana son abu biyu: jarkar ruwa daga fangalin bayan ɗaki, in ɗebo a hankali daga gefen da rana ke bugawa, da kuma ɗan haɗin Baba daga cikin tanki. Na ɗauka wurin wani malami za ta kai a yi wa Baba aiki, kuma ban ga laifinta ba. Na kawo.

Ta juye ruwan cikin farar roba ta ce in matso. Cike yake da wasu ƙananan abubuwa masu wutsil-wutsil, suna hawa sama suna nutsewa. Na sha ganinsu, ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Ta ce 'ya'yan sauro ne. Ta ce in duba da kyau ko akwai wani abu mai rai ban da su. Babu. Ta ce a ruwan da ba a taɓa ba, ƙananan kifi da 'ya'yan mazari su ke cinye mafi yawansu kafin su yi fiffike, amma Baba ya share musu maƙiya. Ta rufe robar da tsohon gyale ta ɗaure, ta ce in dawo bayan mako.

Da na dawo sun zama sauro, suna manne a jikin gyalen. Ta jiƙa tsumma da haɗin Baba ta shimfiɗa cikin wata babbar kwalba, ta yi dabara ta tura su ciki ta rufe bakin da raga. Ba a jima ba suka fara zubewa. Na yi dariya na ce Dikko Mai Iri ya ci wannan. Ta ce in je in sha furar da aka dama mini a zaure in dawo. Na sha, na yi sallar azahar, na ɗan yi musu da wani mai keke a ƙofar gida, na koma. Kaɗan ne suka rage a ƙasan kwalbar. Sauran suna tsaye a jikin gilashi suna goge ƙafafu, kamar waɗanda suka tashi daga barcin rana.

"Ka ga waɗanga da sunka tashi?" in ji ta. "Su za su haihu. Waɗanda sunka mutu ba su barin ɗiya. Duk mako Baba na shiga ruwan nan da magani mai rauni, ya kashe ragwaye, ya bar ma masu ƙarfi wurin su kaɗai, ba kihi, ba kwaɗo. Abin da shika yi ma shinkahwa da kaka, shi shika yi ma sauro duk mako."

Ta ce maganin da ke jikin gidan sauro ɗan'uwan na tankin ne, shi ya sa suke zama a kansa ba abin da ke samunsu. Ta ci gaba da wasu bayanai da Turanci, tana jin daɗin kanta, ni kuwa na daina saurare, don na riga na gane tun daga maganar zangarniya. A gidan na tashi. Na san in ka shekara goma kana ajiye abin da ya fi ƙarfi kana zubar da saura, abin da za ka samu.

Abin da take nema ba shi da yawa. Ba ta ce a kashe shinkafa ba. A daina cika fangalin bayan ɗaki, a sa albasa a wurin ko a bar shi. Sauran a riƙa barinsu suna shanye ruwa kafin a sake ba su, don 'ya'yan sauron su bushe kafin su tashi. A daina feshi in babu ƙwari. In an yi haka za ta dawo da Munira. Ita ba za ta iya tsayawa gaban surukinta ta faɗa ba, sau ɗaya ta yi har yanzu ana zancenta. Ni zan kai.

Na so in samu Baba shi kaɗai, amma Baba ba ya zama shi kaɗai, yana son masu saurare. A majalisa na same shi bayan la'asar. Na durƙusa na faɗa masa duka, da kwalbar da zangarniyar, ban rage ba. Ya shafa gemu. Sannan ya tambaye ni, wato tana nufin sauron da ke fitowa daga gonarsa ya fi na sauran mutane ƙarfi? Na ce kusan haka. Maƙwabcinmu Ummaru ya tafa hannu ya ce ai dama duk abin da Dikko ya taɓa sai ya fita daban, har sauronsa ba na yara ba ne. Majalisa ta ɗauki dariya. Na kalli fuskar Baba, wallahi daɗi ya ji. Ya yi ƙoƙarin ɓoyewa amma gefen bakinsa ya tona shi.

Da dariya ta lafa ya ba da amsa. Shinkafar da ba ta tsaye cikin ruwa ba shinkafa ba ce, kuma yarinyar da ba ta taɓa dashe ba ba za ta koya masa ban ruwa ba. Amma ya yarda da magana ɗaya: tunda sauron ya ƙara ƙarfi, sai a ƙara wa magani ƙarfi. Ranar kasuwar Argungu ya sayo wani maganin daban, ya haɗa da na da, ya zuba kananzir. Kajin Inna da suka sha ruwan wankin tanki ba su kwana ba. Inna kanta ta yi mako tana tari. Sauro ya sake zubewa, maƙwabta suka sake layi da kwalabensu, Baba ya sake zama likita. Kafin wata ya zagayo sauron ya fara tashi. A tsakanin nan aka binne jikan Ummaru, mai shekarun Munira. Aka ce kwanansa ne ya ƙare, aka yi addu'a, aka fesa ɗakin da 'yan zaman makoki za su kwana.

Baba ya cika kwalba da sabon haɗin ya ba ni, ya ce in kai wa matar Tamba, in gaya mata ya yafe mata, ga kuma maganin abin da take tsoro.

Wannan karon Hanifa ba ta yi mini wasa ba. Ta riga ta ji labarin jikan Ummaru. Ta karɓi kwalbar da bakin zane ta ajiye a bayan banɗaki inda yara ba sa kaiwa. Ta ce mahaifinta, Malam Abdussamadu, ya fara magana. Ya ce matar aure ba ta zama haka ba iyaka, kafin azumi ko ta koma ɗakinta ko mijin ya sawwaƙe mata.

"Ban son saƙo kuma, Mujtaba. Kai ba ubanta ba ne. Shi ya tahi ya durƙusa gaban Baba, ya hwaɗi da bakinshi cewa ruwan nan na kashe mai ɗiya. In an busar da fangalin, in dawo. In ba a busar ba, ban kai ta can in binne."

Na faɗa wa Tamba a cikin mota, a hanyarmu ta dawowa daga Argungu da buhunan taki. Muka wuce gada. Daga nan ya fara gwajin abin da zai faɗa wa Baba. Baba, ina da magana. A'a. Baba, ka yi haƙuri, ina da 'yar magana. Ya tambaye ni ko ya fara da gaisuwa ko ya shiga kai tsaye. Na ce ya shekara talatin yana gaisuwa, ya gwada ɗaya hanyar. Kafin mu isa gida ya haɗa jawabi mai kyau, har da ƙarin jini, har da jikan Ummaru. Ni kaina na ji ya taɓa ni.

Washegari da safe muka samu Baba a bakin fangalin, injin yana ta zuba ruwa. Na tsaya nesa kaɗan kamar mai duba tiyo. Tamba ya cire takalmi ya tsuguna. Ina kwana, ina gajiya, ina aiki. Baba ya amsa duka bai dube shi ba. Ya san abin da ya kawo shi, duk garin ya sani.

"Baba, wanga fangali."

"Wane?"

"Na bayan ɗaki."

"Mi ya same shi?"

Injin yana ta bugawa. Tamba ya tsinci wani kara yana zane a laka. Sauro ɗaya ya sauka a wuyansa da rana tsaka, bai ko kore shi ba.

"Na ga kamar shina son taki."

"Na gani," in ji Baba. "Ka sa mai gobe."

Kuma ya sa. Da hannunsa ya watsa takin, a ƙarƙashin tagar ɗakin matarsa. Na daina yi masa magana. In ya biyo ni bakin mota da kwando, sai in ce mota ta cika. Hanifa ta tambaye ni, na gaya mata yadda aka yi kalma da kalma, ban sa masa gishiri ba don bai buƙata. Ta ɗauki Munira ta shiga ɗaki.

Ana saura kwanaki azumi, Tamba ya tare ni a bayan masallaci. Ya tambaye ni ko na san mai ba da hayar ɗaki a Birnin Kebbi, wai wani abokinsa ne ke nema. Na ce abokin nasa ya iya ɗaukar buhu? Ya ce ya iya. Na samo wa abokin ɗaki a Gwadangaji, a gidan wani ɗan kasuwa, nesa da fadama, da aikin lodi a injin da nake kai shanshera. Ban ce wa kowa komai ba, don ban yi zaton zai iya ba.

Ranar da ya zaɓa, Baba yana tsakar gida yana tsince iri a faifai. Na ja mota har ƙofa. Tamba ya shiga ɗaki ya fito da katifa a ka. Inna ta tambaye shi ina zuwa, ya ce za a canja mata riga a birni. Ya koma ya fito da akwatin Hanifa, ya ce makullin ya lalace. Ya fito da kwanukan jerenta, bai ce komai ba, don ko shi bai samo abin da ya lalace a kwano ba. Duk fitowa sai ya bi ta gaban Baba, ya ɗan rusuna da kayan a kansa. Baba yana tsince irinsa, mai kyau dama, marar kyau hagu. Da muka kwance gado muka ɗauko shi tare, sai ya ɗago kai.

"Gadon ma gyara za a yi mai?"

"E, Baba."

"To. A gyara da kyau."

Shi ke nan sallamar da aka yi tsakanin uba da ɗansa na hannun dama. Inna ta shige ɗaki tana sharar ido da bakin zane, amma ba ta tambaya ba, don in ta tambaya dole a ba ta amsa.

Da muka kusa shiga Birnin Kebbi, Tamba ya juyo wajena. Ya tambaye ni ko tagar ɗakin tana da waya. Na ce tana da, amma akwai kwata a bayan layin, kada ya ɗauka Aljanna zai shiga. Ya ce ya ji.

A Nasarawa na yi sallama, Hanifa ta fito ƙofar gida da Munira a hannu. Ta daɗe tana kallon motar: gadonta a kife, katifa a ɗaure, kwanukanta cikin buhun taki. Ta tambayi Tamba abin da ya gaya wa Baba. Ni na amsa, na ce ya gaya masa za a gyara gado.

Ta dube shi yadda ake duban kayan da aka saya aka ga ba su kai ba, amma ba a iya mayarwa.

"Ba shi na roƙa ba," ta ce. "Ruwan na nan, ɗiyan mutane na nan."

Tamba ya ce ya sani.

Sannan ta miƙa masa yarinyar a nan bakin titi, a gaban masu keke da mai sayar da rake, ta ce ya riƙe za ta haɗa kaya ta sallami Malam. Munira ba ta gane shi ba, ta fara tirjewa tana miƙa hannu wajen uwarta. Ya riƙe ta nesa da ƙirjinsa kamar buhun da ke yoyo, yana waige-waige ya ga ko akwai ɗan Tunga a layin. Na ce masa ya riƙe ta da kyau kafin ya yar da ita, nan ba wanda ya san ubansa. Na hau bayan mota na matsar da kwanukan don a samu wurin sauran kaya.